Yadda Za Ka Tsara Hoton Bakin Tafki Ya Fito Kamar Yadda Idonka Ya Gan Shi

Akwai wani takaici da kusan duk mai ɗaukar hoto ya taɓa ɗanɗana. Ka tsaya a bakin tafki, ruwa ya kwanta luf, sama ta yi ja, iska mai sanyi tana shafar fuskarka, ka ɗaga kyamara ka danna. Ka dawo gida ka buɗe hoton, sai ka tarar da ratsi uku kawai: sama a bisa, wani siririn layin bishiyoyi a tsakiya, sai shuɗin fili a ƙasa. Duk abin da ya tsayar da kai a wurin ya ɓace. Na sha dawowa da irin waɗannan hotuna, na kuma daɗe ina ɗora wa kyamarata laifi kafin na gane inda matsalar take.

Ido yana yawo, yana zaɓen abin da yake so ya ƙyale saura, kunne da fata kuma suna taya shi. Kyamara kuwa duk abin da ke gabanta take kwashewa, ta shimfiɗa shi a kan fili guda. Tafki shi ne ya fi kowane wuri tona wannan asiri, domin shimfiɗaɗɗen abu ne, babu tudu babu kwari. Saboda haka aikin zaɓen da ido ke yi da kansa, kai ne za ka yi wa kyamara shi, kuma mafi yawansa da ƙafafunka da gwiwoyinka ake yi. Ko babbar kyamara ce a hannunka ko waya, matakan da ke tafe duk ɗaya ne.

Da farko, bar kyamara a jaka

In ka iso, kada ka kafa komai. Yi minti goma ko sha biyar kana bin gaɓar ruwan, ka je dama ka dawo hagu, ka hau ɗan tudu in akwai, ka tsuguna. Wurin da kowa ke fara tsayawa, wato inda hanya ta ƙare, da wuya ya zama wurin da ya fi. Sauƙin isa ne kawai ya tara mutane a can.

Kana cikin tafiya ka tambayi kanka: mene ne ya ja ni nan? Amsar ta zama abu guda wanda za ka iya nunawa da yatsa. Waccan bishiyar da ta tsaya ita kaɗai. Kwalekwalen da aka ɗaure. Dutsen can ƙetare da inuwarsa a cikin ruwa. In amsarka ita ce "wurin duka ya yi kyau", to ba ka samu ba tukuna, ci gaba da tafiya. Taura biyu ba ta taunuwa, hoton da ke son ya nuna komai kuwa mai kallo ba ya sanin inda zai ajiye idonsa.

Dubi tafkunan da hotunansu suka zaga duniya. Tafkin Bled a ƙasar Sloveniya yana da ɗan tsibiri a tsakiya mai ɗauke da coci. Tafkin Wanaka a Niyu Zilan an san shi da wata bishiya tilo da ta fito daga cikin ruwa kusa da gaɓa, wadda har aka yi ta jimami a 2020 lokacin da wasu suka sassare mata rassa. A duka biyun ruwan yana da kyau, amma abin da ya sa ake tuna hoton shi ne wannan abu guda da ido ke sauka a kansa. Tafkin da ke kusa da kai ma yana da nasa, ko da kututture ne ko tsuntsu a kan turke.

Na biyu, yanke wa ruwan aikinsa

Nan ne nake so mu daɗe, domin shi ne abin da ya raba hoton tafki da na daji ko na duwatsu. Ruwa yakan cinye rabin hoton ko fiye, don haka dole ya zama yana wani aiki. Ayyukan da zai iya yi uku ne: ya zama madubi, ya zama taga da ake hango ƙasan tafki ta cikinta, ko ya zama fili na shiru da ke ba abin da ka zaɓa sarari. Abin da ke zaɓa maka ɗaya daga cikinsu, fiye da komai, shi ne tsayin da ka riƙe kyamara.

Dalili shi ne yadda ruwa ke mayar da haske. In ka leƙa shi kai tsaye daga sama, kusan kashi 2 cikin 100 kawai na hasken yake mayarwa, sauran ya nutse, shi ya sa kake ganin tsakuwa da ƙananan kifaye a gindin ƙafarka. In ka kalle shi a kwance, misali da karkatar digiri 10 daga fuskar ruwan, abin da yake mayarwa ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku, kuma yana ƙaruwa da sauri in ka ƙara yin ƙasa. Wato kana tsaye kana kallon ƙasa, taga ce a gabanka. Ka durƙusa ka kawo kyamara dab da ruwa, ta koma madubi.

Gwada wannan da kanka, gani ya kori ji. Zaɓi abu guda a ƙetaren tafki, ka ɗauke shi kana tsaye. Ka sake ɗauka kana durƙushe. Sannan ka sauke kyamarar har ta rage taƙi ɗaya tsakaninta da ruwa, ka ɗauki na uku. In waya ce, juya ta kai ƙasa don idonta ya kusanci ruwan, ka dai riƙe ta da kyau. Jera hotunan uku ka duba. A na farko za ka ga ruwa ya buɗe da faɗi, inuwar kuma ta yi rauni. A na uku faɗin ruwan ya tsuke, gaɓar can ta matso, inuwar ta yi ƙarfi har tana neman yin daidai da ainihin abin.

Akwai wani abu da mutane da yawa ba su lura da shi ba: inuwar da ke cikin ruwa ba kwafin abin da ke sama ba ce da aka kifa. Abin da ruwa ke nuna maka shi ne yadda wurin zai kasance da a ce kana kallonsa daga ƙarƙashin fuskar ruwan, da zurfin da ya yi daidai da tsayinka a samansa. Shi ya sa wani lokaci kana ganin tsauni a bayan bishiyoyi ƙarara, amma a cikin ruwa bishiyoyin sun rufe shi. In haka ta faru, yi ƙasa. Duk yadda ka kusanci ruwa, haka bambancin ke raguwa, ƙololuwar tsaunin ta leƙo a cikin inuwar.

Yin ƙasa ma yana da nasa farashin. Tsakiyar hoton tana matsewa, abubuwa su hau kan juna, lanƙwasar gaɓa mai kyau ta koma siririn layi. In siffar tafkin ce ta burge ka, ko tsibirai da suka warwatsu, ko wani harshen ƙasa da ya shiga cikin ruwa, to tudu za ka nema. Hawa ko da mita biyu ko uku yana raba su da juna, kowanne ya sami ruwa kewaye da shi.

Na uku, layin gaɓar can ƙetare

Kowane hoton tafki yana da wannan layi, inda ruwa ya ƙare ƙasa ko sama ta fara. Tambaya biyu ce a kansa: ina za ka ajiye shi, kuma ya miƙe daidai?

Kunna layukan raga a allon kyamararka ko wayarka, waɗanda ke raba hoto gida tara. Daga nan ne ake amfani da ƙa'idar kashi uku, wadda wani mai zane ɗan Ingila, John Thomas Smith, ya rubuta tun 1797, kafin ma a ƙirƙiro kyamara. A aikace abin mai sauƙi ne. In sama ce ke da labari, gajimare sun yi launi, sauke layin gaɓa zuwa layin ƙasa na ragar, ka ba sama kashi biyu cikin uku. In sama fayau take ba komai, ɗaga layin zuwa na bisa, ka ba ruwa da gaɓar kusa wurin. Wani lokaci ma nakan bar wa sama ɗan ƙyalle kawai, ko in fitar da ita gaba ɗaya. Babu dokar da ta ce dole sama ta shiga hoto.

Za ka ji ana cewa kada a taɓa sa layin a tsakiya. A bakin tafki ban yarda da wannan ba. Ranar da ruwa ya zama madubi sosai, daidaituwar sama da ƙasa ita ce hoton, kuma tsakiya ce wurinta. Abin da ke ɓata hoto shi ne layin da ya faɗa tsakiya don mai ɗauka bai yi tunani ba, ko wanda ya ɗan kauce wa tsakiya kaɗan har ba a san me ake nufi ba. In tsakiya kake so, sa shi a tsakiya sosai, ka kuma tabbata ƙololuwar inuwar ta shigo gaba ɗaya ba ta yanke a ƙasan hoto ba. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Raga tana taimaka maka ka fara ne, hukuncin ƙarshe na idonka ne.

Batun miƙewa kuma ba wasa. Ruwa ba ya tsayawa a karkace, kowa ya san haka ko bai taɓa tunani a kai ba, don haka karkatar digiri ɗaya ma tana sa mai kallo ya ji kamar tafkin zai tsiyaye ta gefe. Yawancin kyamarori da wayoyi suna da ma'aunin daidaito a allo, kunna shi. Sai dai a tafki akwai tarko: gaɓar can ƙetare ba lallai ta kasance a miƙe ba. In ɓangare ɗaya ya fi kusa da kai, zai sauko ƙasa a hoton ko da kyamararka tana daidai. Wanda ya bi wannan gaɓar ya gyara, shi ne zai karkatar da hoton da hannunsa. Ga ma'aunin da ba ya ƙarya: zaɓi kan wata bishiya ko turke, ka nemo inuwarsa a ruwa. Dole su kasance ɗaya a kan ɗaya, layin da ya haɗa su ya tsaya cak. In sun yi haka, hotonka a daidai yake, ko me gaɓar ta nuna.

Na huɗu, nemi abin da ke gindin ƙafarka

Zurfi a hoto yana samuwa ne in akwai kusa, akwai tsakiya, akwai nesa. Tafki yana ba ka tsakiya da nesa kyauta. Na kusa kai za ka nemo: duwatsu da suka leƙo daga ruwa, ganyen bado, ciyawar bakin ruwa, saiwar bishiya, busasshiyar laka da ta tsattsage, igiyar kwalekwale.

In ka samu, matsa kusa da shi fiye da yadda ranka ke so. Ido mai faɗi na kyamara, wato gilashin gaba mai kwaso wuri da yawa, kamar mai milimita 16 zuwa 24 (ƙaramar lamba, ƙarin faɗi), yana ƙanƙantar da duk abin da ya yi nisa kaɗan. Dutsen da ke mita uku daga gare ka zai fito kamar ƙwayar tsakuwa. Daga rabin mita kuwa zai cika kusurwar hoto, a ga gansakukar da ke jikinsa da layin da ruwa ya jiƙa.

Sai dai ba kowane dutse ne ya cancanci shiga ba. Na ga hotuna da yawa da aka dasa wani ƙaton dutse a gaba don kawai an ji ana cewa a sa wani abu a gaba, ya zo ya tare hanya, ba ruwansa da abin da ke bayansa. Na kusa mai kyau yana da alaƙa da na nesa: ko siffarsa ta yi kama da tsaunin can, ko tsininsa yana nuna wajen bishiyar, ko launinsa ya amsa launin sama.

Sannan ka kula da abin da nake ganin shi ne ya fi raba gwani da ɗan koyo, wato rabewa. Wata safiya na sami duwatsu uku a ruwa marar zurfi, inuwar bishiyoyin ƙetare kuma ta miƙo baƙa ƙirin har kusa da su. A hotunan farko kan babban dutsen ya shige cikin baƙin inuwar, suka narke suka zama dunƙule ɗaya, ba a gane inda dutse ya ƙare. Ban canza wuri ba, ƙafafun tirafod, wato abin kafa kyamara mai ƙafa uku, kawai na ƙara wa tsawo kamar taƙi ɗaya. Nan take wani siririn ratsin ruwa mai haske ya shiga tsakanin dutsen da inuwar, kowanne ya tsaya da ƙafarsa. Wannan ɗan ratsin shi ne hoton. Duk lokacin da ka tsara, bi gefen kowane abu da ido: reshe yana taɓa layin gaɓa? Kan kwalekwale ya haɗe da ciyawa? Taku ɗaya gefe, ko ɗagawa kaɗan, yakan warware shi.

Layukan da ke jan ido

Gaɓar da kake tsaye a kanta layi ce, kuma ita ce aka fi mantawa da ita, domin kowa ruwa yake fuskanta kai tsaye. Juya ka kalli tsawon gaɓar, ka bar ta ta shigo daga kusurwar ƙasa ta lanƙwasa zuwa ciki. Gadar katako da ta shiga ruwa, jerin turaku, sawun da agwagwa ta bari, hasken rana da ya shimfiɗu a kan ruwa, duk suna wannan aiki. Sharaɗin ɗaya ne: layin ya kai ido ga wani abu. Wanda ya ja ido ya fitar da shi ta gefen hoto ɓarna ya yi. In kwalekwale ko tsuntsu yana tafiya, bar masa sarari a gabansa fiye da bayansa.

Na biyar, kada ka tsaya ga ido mai faɗi kaɗai

An saba ɗauka cewa babban wuri sai ido mai faɗi. A tafki sau da yawa akasin haka ne. Babban idon waya ma mai faɗi ne, yana kusa da milimita 24 zuwa 26, shi ya sa tsaunin da ya cika maka ido yake fitowa ɗan mitsitsi. In babu abin kirki a gindin ƙafarka, ajiye mai faɗin, ka ɗauko mai janyo nesa, kamar mai milimita 70 zuwa 200, ko ka koma ga idon waya mai ninka biyu ko uku. Yanzu yanka za ka yi daga cikin wurin: bishiyoyi biyar da inuwarsu, mai kamun kifi shi kaɗai a cikin hazo, tuddai da suka jeru kowanne ya fi na gabansa dusashewa. Irin wannan ido yana sa abubuwa su zama kamar sun matso kusa da juna, ya kuma kawar da fankon ruwan da ke tsakani. Kuma ka riƙa juya kyamarar a tsaye. Hoton tsaye yana ɗaukar dutsen kusa, ruwa, tsauni da sama a jere, ya zubar da gefunan da ba su da amfani.

Na shida, filta da saurin ƙiftawa

Filta gilashi ce da ake ɗaurawa a gaban idon kyamara, saurin ƙiftawa kuma shi ne tsawon lokacin da kyamara ke buɗe wa haske. Waɗannan ana lissafa su cikin kayan aiki, amma a bakin ruwa suna canza tsarin hoton kansa. Filtar kashe ƙyalli, wadda ake kira folaraiza, tana juyawa a gaban idon kyamara. Kana juya ta za ka ga ƙyallin ruwa yana gushewa, duwatsun ƙasa suna bayyana. Ta fi ƙarfi in kana kallon ruwan da karkatar kusan digiri 37 daga fuskarsa, wato a ɓangaren da ke kusa da kai. Can nesa inda kake kallo a kwance ba ta cika tasiri ba. Wannan alheri ne, domin za ka iya samun taga a gaba da madubi a baya cikin hoto guda. Kada dai ka murɗa ta har ƙarshe ba tare da dubawa ba, kana iya kashe inuwar da ka zo dominta. Tana kuma rage haske da mataki ɗaya zuwa biyu (kowane mataki yana raba hasken biyu), sannan a ido mai faɗi sosai takan bar wani duhun tabo a shuɗiyar sama.

In iska ta tashi ruwa ya yi ƙananan igiyoyi, hankalin mai kallo yakan watse a kansu. A nan filtar rage haske, ND, take shigowa. Mai mataki 6 tana ninka lokacin ɗauka sau 64, mai mataki 10 kuma kusan sau 1000: abin da za a ɗauka a 1/30 na daƙiƙa ya koma kusan rabin minti. A wannan tsawon lokaci igiyoyin suna gogewa, ruwa ya yi sumul, dutse ko turke ya fito shi kaɗai. Amma ka sani ba za ta dawo maka da madubi ba, launi mai laushi kawai za ta bar maka a madadin inuwar. Ni kaina ba kullum nake son wannan sumul ɗin ba. Rabin daƙiƙa ko daƙiƙa ɗaya yakan bar wa ruwa ɗan motsinsa, a ji cewa ruwa ne.

Duk wannan sai da tirafod. Ka fara nemo tsarin da kyamara a hannu, sannan ka kawo tirafod inda ka samu. Wanda ya fara kafa shi yakan maƙale a tsayin ƙirjinsa har ya tashi. In za ka sa shi a ruwa, fara zaro sassan ƙafafun na ƙasa don yashi kada ya shiga mahaɗan, ka danna su cikin laka su zauna, ka sa jinkirin daƙiƙa biyu kafin ɗauka don girgizar yatsanka ta wuce. Ka kuma kula da kanka: duwatsun bakin ruwa suna da santsi, wasu tafkunan akwai kada ko dorina, wasu kuma ruwansu na ɗauke da tsargiya. Tambayi mutanen wurin kafin ka tsoma ƙafa, ka sa dogon takalmin roba.

Na bakwai, lokaci

Da sanyin safiya ake kamun fara. Iska ta fi kwanciya kafin fitowar rana, domin ƙasa ta huce cikin dare. Da rana ta ɗaga ta fara ɗumama ta, iska za ta motsa, madubin ya fashe. In daren ya yi sanyi, sama kuma ba gajimare, akwai yiwuwar ka tarar da tururi yana tashi daga ruwan, saboda ruwa ya fi iskar da ke samansa ɗumi. Wannan hazo babban mataimaki ne wajen tsari: yana shafe tarkacen ƙetare, ya raba kusa da nesa.

Ka isa aƙalla minti 40 kafin rana ta fito, ka riga ka san inda za ka tsaya, shi ya sa zuwa leƙen wuri tun jiya da rana yake da amfani. Ka kuma san ta inda ranar za ta ɓullo. Tana fitowa daga gabas sak ne kawai wajen 20 ga Maris da 23 ga Satumba. A watan Yuni tana karkata arewa, a Disamba kudu. Manhajoji irin su PhotoPills suna nuna maka layinta a kan taswira. Hasken da ke zuwa daga gefe shi ne ke fito da jikin duwatsu da bishiyoyi. In rana tana gabanka, komai zai koma baƙar siffa, to sai ka nemi abin da siffarsa kaɗai ta isa, ka kuma tabbata yana kan ruwa mai haske. In iska ta riga ka, zaga ka nemi lungun da bishiyoyi ko tudu suka kare, ko wani ɗan kududdufi a gefen tafkin. Kyamara a dab da shi, zai yi maka aikin madubi.

Da yamma kuma kada ka naɗe kaya da rana ta faɗi. Mintuna 15 zuwa 25 da ke biyo baya sau da yawa su ne mafi kyau: hasken sama da na ƙasa sun kusanci juna, iska ta sake kwantawa.

Kafin ka danna

Ƙofar haske, wato ramin da haske ke shiga ta cikin idon kyamara, f/8 zuwa f/11 ta wadatar a yawancin lokuta. Duk yadda lambar ta ƙaru, haka ƙofar ke tsukewa. In ka matse ta zuwa f/22 hoton duka yakan ɗan yi laushi. A kyamara mai cikakken firam, wato mai babban farantin ɗaukar haske a ciki, ido mai milimita 24 a f/11, in ka saita gani a kan abin da ke kusan mita biyu, daga mita ɗaya har iyakar gani zai fito tar. Ka tuna kuma cewa inuwar tsauni, a wajen kyamara, tana can nesa inda tsaunin yake, ba a fuskar ruwan da ke gabanka ba. In ka saita a kan ganyen bado na kusa da ƙofa a buɗe, inuwar za ta yi dishi-dishi. Auna hasken da sama don kada farin gajimare ya ƙone, ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen fayil da ya fi ba da damar gyara, in kana da hali.

Sannan ka zagaya gefuna huɗu na allon da ido, a hankali. Reshen da ya leƙo daga kusurwa, robar ruwa da aka yar a cikin ciyawa, ƙafar tirafod ɗinka, inuwarka kai kanka, rabin kwalekwale da ya yanke. A can gefe suke ɓuya, domin hankalinka yana tsakiya. Abin da za ka iya ɗaukewa da hannu, kamar shara, ɗauke shi ka tafi da shi. Reshe mai rai kuwa ka matsa masa, kada ka karya. Bar ɗan sarari a kewaye fiye da bukata, saboda gyaran karkata a gida yana cin gefuna.

A gida

Jera hotunan ƙanana-ƙanana a allo, kamar girman akwatin ashana. Wanda tsarinsa ya yi ƙarfi za ka gane abin da yake nunawa ko a wannan girman. Wanda ya koma ratsi uku, ajiye shi gefe. Ɗauki waɗanda suka tsira, ka gwada datse su. Fankon ruwa ko sama da ba ya aikin komai, yanke shi ka ga ko an yi asara. Siffar 16:9, mai tsawo a kwance, tana dacewa da doguwar gaɓa, murabba'i kuma yana dacewa da madubi mai layi a tsakiya.

Wajen gyaran haske akwai kuskure ɗaya da ke saurin tona kansa. Inuwa a ruwa a kullum ta fi ainihin abin duhu, domin ruwa ba ya mayar da haske duka. In ka haskaka ƙasan hoton har inuwar ta fi sama haske, ko wanda bai san dalili ba zai ji wani abu bai zauna ba. Ɗaga ta kaɗan in ta yi duhu da yawa, amma ka bar ta ƙasa da saman.

Waɗanda ba su yi ba kuma kada ka goge su nan take. Buɗe ɗaya, ka rubuta a wayarka abin da ya hana shi: na tsaya da tsayi da yawa, dutsen ya haɗe da inuwa, na makara iska ta tashi. Ka haɗa da wurin da ka tsaya da ƙarfe nawa ne, da kuma ta inda rana ta fito a ranar. Wannan rubutun za ka buɗe a daren da kake shirya jaka don komawa.